Tambaya da Amsa: Sa'ar da Aka Ba Shirin Talabijin da Yawan Masu Kallonsa

Wasiƙu biyar daga cikin waɗanda suka iso wannan fili sun haɗu a kan magana guda, wato alaƙar da ke tsakanin lokacin da tasha ta ware wa shiri da adadin mutanen da ke kallonsa. Na haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowace tana ƙara haske a kan 'yar'uwarta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ni da 'ya'yana muke bi kowane mako da ƙarfe takwas na dare. Kwatsam sai tashar ta mayar da shi ƙarfe goma sha ɗaya, daga baya kuma ta sanar cewa ta dakatar da shi saboda masu kallo sun ragu. Labarin bai canja ba, 'yan wasan ma su ne dai. Laifin wa ke nan? Kuma ta yaya ma suke sanin yawan masu kallo? Daga wata uwa mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da ƙarshen tambayarki, domin sai an san yadda ake ƙirgar kafin a gane inda laifin ya kwanta. Tashar da ke watsa shiri ta eriya ba ta da hanyar ganin wanda ya kunna akwatinsa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi wasu gidaje da za su wakilci al'umma baki ɗaya, masu hali da marasa hali, na birni da na karkara, gidan mutum ɗaya da gidan mutum goma, sannan a haɗa wa talabijin ɗinsu wata na'ura mai rubuta tashar da aka kama da mintin da aka kama ta. A Amurka kamfanin Nielsen ne ke wannan aiki tun 1950, kuma daga 1987 ya koma amfani da na'urar da kowane ɗan gida yake da maɓallinsa a jikinta, ya danna idan ya zauna kallo, ya sake dannawa idan ya tashi. Gidajen da ke cikin wannan tsari wajen 40,000 ne kawai, a ƙasar da gidaje masu talabijin suka haura miliyan 120. A Birtaniya kuwa wata hukuma mai suna BARB ce ke kula da ƙirgar tun 1981. Inda babu irin wannan na'ura, ana ba mutane takardar da za su riƙa rubuta abin da suka kalla, ko kuma a bi su da tambaya.

Daga waɗannan gidaje ake fitar da adadi iri biyu, kuma rashin bambance su ya jawo an zalunci shirye-shirye masu yawa. Adadi na farko yana nuna kashi nawa cikin ɗari na dukkan gidajen da suka mallaki talabijin ne suka kalli shirin. Na biyu kuma yana nuna kashi nawa cikin ɗari na gidajen da talabijin ɗinsu ke kunne a wannan sa'ar ne suka zaɓe shi. Mu ɗauka akwai gida 1,000. Da ƙarfe takwas gida 600 na kallon talabijin, 120 daga cikinsu na kan wasanku. Adadi na farko ya zama 12, na biyu ya zama 20. Da ƙarfe goma sha ɗaya gida 200 ne kacal ba su kwanta ba, 60 daga ciki na kan wasanku. Adadi na farko ya faɗo zuwa 6, amma na biyu ya hau zuwa 30. Wanda ya dubi adadi na farko shi kaɗai zai ce wasan ya yi asarar rabin masoyansa, alhali a cikin waɗanda ke farke ya ƙara farin jini ne. Matsalar ita ce masu ba da talla kawunan mutane suke saya, don haka adadi na farko ne ke kawo kuɗi, kuma shi ne aka fi yanke hukunci da shi.

Sa'o'in ganiyar kallo sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, gwargwadon lokacin da mutane ke tashi daga aiki da lokacin da suke kwanciya. A gabashin Amurka daga ƙarfe takwas ne zuwa sha ɗaya, a tsakiyar ƙasar daga bakwai zuwa goma, a Japan daga bakwai zuwa goma, a Sifaniya kuwa manyan shirye-shirye ba sa farawa sai wajen ƙarfe goma ko ma bayan haka. Wasan da iyaye ke kallo da 'ya'yansu, irin naku, idan aka fitar da shi daga waɗannan sa'o'i an raba shi da mutanensa tun kafin a fara ƙirga, domin yaran sun yi barci, uwar kuma tana da sammako a gabanta. Akwai kuma asara ta biyu wadda ba ta fitowa a takarda, ita ce ta sabo. Kallon talabijin abu ne na al'ada, mutum yana zama a sa'a kaza domin ya saba, kuma idan ya zo sau biyu bai tarar da abinsa ba, wani abu zai cike gurbin.

Misalin da masu wannan sana'a suka fi kawowa shi ne na shirin Star Trek. A 1968 tashar NBC ta Amurka ta mayar da zangonsa na uku daren Juma'a da ƙarfe goma, alhali yawancin masoyansa matasa ne da ɗalibai, waɗanda a daren shiga hutun mako ba su cika zama a gida ba. Masu kallo suka ragu, aka dakatar da shi a 1969 bayan fitowa 79. Da ƙananan tashoshi suka sayi tsofaffin fitowar suna maimaitawa da yamma a ranakun mako, lokacin da matasan ke gida, sai shirin ya samu karɓuwar da bai taɓa samu ba, har ta kai ga an yi masa fim a 1979. Hotunan nan dai su ne, babu abin da aka ƙara musu, sa'a kawai aka canja.

Duk da haka ba zan ce miki daren Juma'a ko wata sa'a tana kashe kowane shiri ba. Wasan Dallas na tashar CBS a daren Juma'a ake nuna shi, kuma fitowarsa ta 21 ga Nuwamba 1980 ta tara kashi 53.3 cikin ɗari na dukkan gidaje masu talabijin a Amurka, da kashi 76 na waɗanda ke kallo a wannan lokaci. Masu bin Dallas manya ne masu iyali, waɗanda daren Juma'a a gida yake samunsu. Abin tambaya a kullum shi ne ko mutanen da aka yi shirin dominsu suna gaban akwati a wannan sa'ar. A ra'ayina tashar da ta ɗauki wasan iyali ta kai shi sha ɗaya na dare, sannan ta kafa hujja da raguwar masu kallo, ba ta yi wa masu shirin adalci ba, kuma ba ta gaya wa masu kallonta cikakkiyar gaskiya ba. Sau da yawa an riga an yanke shawarar rabuwa da shirin, ko don tsadarsa ko don wani ya biya sa'ar da kuɗi mafi tsoka, sai a kai shi inda alƙaluma za su tabbatar da hukuncin.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin koyon aikin jarida ne. An koya mana cewa tashoshi na sanya sabon shiri a bayan shirin da ya yi suna domin ya gaji masu kallonsa. Ni dai ina ganin wannan tsohon zance ne, tunda kowa na da rimot a hannu. Da gaske mutum zai ci gaba da kallon abin da bai zaɓa ba don kawai ya biyo bayan wanda ya zaɓa?

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa, kuma rimot ya rage ƙarfin abin amma bai kawar da shi ba. Ka lura da mutumin da shirinsa ya ƙare yanzun nan. Yana kishingiɗe, rimot na gefensa, sunayen 'yan wasa na wucewa a kan allo. Ba shi da wani shiri a ransa da yake son komawa, barci kuma bai zo ba. Idan abin da ya biyo baya ya kama hankalinsa a minti biyu na farko, ya zauna ke nan. Masu tsara jadawali sun san wannan mutum sarai, shi ya sa suke matse sunayen 'yan wasa a gefen allo suna nuna ɗanɗanon shiri na gaba a ɗaya gefen, shi ya sa kuma tashoshi da dama suka daina sanya talla tsakanin ƙarshen shiri da farkon na bayansa. Tashar TBS ta Amurka ta kai abin wani mataki a 1981, inda ta riƙa fara shirye-shiryenta da minti biyar bayan cikar sa'a ko rabin sa'a, ta yadda duk wanda ya gama kallon shirinta zai tarar sauran tashoshi sun riga sun yi nisa a nasu, sai ya gwammace ya zauna inda yake.

Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kuma tarihin talabijin cike yake da shirye-shiryen da suka rayu ta wannan hanya. Wasan M*A*S*H ya fara a tashar CBS a 1972 a daren Lahadi, ya ƙare zangonsa na farko a matsayi na 46 a jerin shirye-shiryen da aka fi kallo a Amurka, har ana maganar dakatar da shi. A 1973 aka mayar da shi daren Asabar a bayan All in the Family, wanda a lokacin shi ne na ɗaya a ƙasar, sai ya yi tsalle zuwa na 4. Abin lura shi ne abin da ya faru bayan haka. A zango na uku an sake ɗauke shi zuwa daren Talata, inda babu wannan inuwa, amma ya tsaya a na 5, domin mutanen da suka gan shi albarkacin wani sun riga sun so shi don kansa. Fitowarsa ta ƙarshe, ranar 28 ga Fabrairu 1983, mutum miliyan 105.9 ne suka kalle ta. Haka ma Seinfeld, wanda ya yi ta fama a daren Laraba har sai da NBC ta kai shi bayan Cheers a daren Alhamis a farkon 1993, daga baya kuma ya gaji sa'ar Cheers ɗin ya zama na ɗaya.

Amma ka riƙe ɗaya gefen maganar, domin shi ne ɗalibai suka fi mantawa. A tsakiyar shekarun 1990 NBC na da Friends da ƙarfe takwas da Seinfeld da ƙarfe tara a daren Alhamis, kuma duk abin da aka rataya a tsakaninsu sai ya shiga sahun gaba. Wani wasan barkwanci mai suna The Single Guy ya zauna a wannan gurbi, ya kasance cikin goma na farko a ƙasar shekara biyu a jere, amma a 1997 aka dakatar da shi. Mai karanta jerin matsayi zai yi mamaki, mai tsara jadawali kuwa ba zai yi ba, domin shi abin da yake dubawa shi ne mutum nawa shirin ya karɓa daga na gabansa, nawa kuma ya miƙa wa na bayansa. Shirin da aka miƙa wa taro mai yawa ya zubar da wani kaso babba a hanya, asara yake jawowa ko da adadinsa ya fi na kowa a sauran tashoshi. Wanda aka miƙa wa mutane kaɗan ya ƙara a kansu, shi ne mai ƙarfin gaske, ko da sunansa na can ƙasan jeri. Idan ka fara aiki aka ba ka alƙaluman kallo ka rubuta labari a kai, ina roƙonka ka nemi adadin shirin da ya gabata kafin ka yabi wani ko ka kushe shi.

Gadon nan yana tafiya ta fuskar sharri ma. A watan Satumba 2009 NBC ta cire wasannin kwaikwayo masu tsada daga ƙarfe goma na dare ta sanya shirin hira na Jay Leno sau biyar a mako, saboda ya fi arha nesa ba kusa ba. A lissafin uwar tashar ko da masu kallo sun ragu akwai riba. Sai dai ƙananan tashoshin da ke ƙawance da ita a birane suna karanta labaransu da ƙarfe sha ɗaya, labaran nan kuma su ne babbar hanyar samun kuɗinsu. Da taron da ake miƙa musu ya ragu, labaransu suka faɗi, suka yi ca a kan NBC, kuma a watan Fabrairu 2010 aka kawo ƙarshen gwajin. Mafi girman misalin gado kuwa shi ne sa'ar da ke bin wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafar Amurka, wato Super Bowl. A watan Janairu 1996 an nuna Friends a wannan gurbi, mutum miliyan 52.9 suka kalla, adadin da Friends bai sake kaiwa ba, ko da a fitowarsa ta ƙarshe.

Tambaya: Me ya sa tashoshi biyu za su sanya shirye-shiryensu mafi kyau a sa'a ɗaya, a rana ɗaya, su bar sauran ranaku babu abin kirki? Ai da sun raba da kowa ya amfana. Daga wani magidanci.

Amsa: Da sun raba da mai kallo ya amfana, Malam, amma ranakun ba darajarsu ɗaya ba a wurin masu talla. A Amurka, alal misali, daren Alhamis ya daɗe yana da tsada, saboda sababbin finafinai ranar Juma'a suke fita gidajen sinima, sayayyar mako kuma Asabar da Lahadi ake yinta, don haka mai talla yana son ya yi wa mutum magana ta ƙarshe kafin ya fita da kuɗinsa. Tashar da ta bar wa abokiyar hamayyarta irin wannan dare ta bar mata kasuwa ne sukutum. A 1990 tashar Fox, wadda a lokacin ba ta daɗe da kafuwa ba, ta ɗauke The Simpsons daga daren Lahadi ta ajiye shi daren Alhamis da ƙarfe takwas, gaba da gaba da The Cosby Show na NBC. A karon farko da sababbin fitowarsu suka haɗu, ranar 11 ga Oktoba, NBC ta samu kashi 18.5 cikin ɗari na gidaje masu talabijin, Fox ta samu 18.4. Matsayin The Simpsons a jerin shekara ya sauka, amma Fox ta nuna wa masu talla cewa ita ma tana da wurin zama a daren da ya fi kowane tsada, kuma a 1994 ta mayar da shirin Lahadi.

Mafi yawan lokaci kuwa masu jadawali kauce wa karo suke yi. Idan wata tasha na nuna babban wasan ƙwallo, ɗayar sai ta nemi waɗanda ƙwallo bai dame su ba ta ba su wasan kwaikwayo ko shirin iyali. Akwai kuma ƙa'idojin da ke ɗaure hannunsu. A Birtaniya ba a yarda a nuna abin da bai dace da yara ba kafin ƙarfe tara na dare, wanda hakan ke tara manyan wasannin kwaikwayo na tashoshi daban-daban a sa'ar tara zuwa goma. Wannan matsi ne ma ya sa tashar ITV ta ɗauke labaranta na ƙarfe goma a 1999 domin finafinai da wasanni su samu fili ba tare da an katse su ba. A watan Oktoba 2000 BBC ta mayar da nata labaran daga tara zuwa goma ta mamaye gurbin, ITV kuma ta yi shekaru tana kai labaranta gaba da baya, masu kallo ba su san sa'ar da za su same su ba, sai a 2008 ta sake tsayar da su a ƙarfe goma. Kafin nan mutane da yawa sun riga sun saba da BBC a wannan sa'a.

Tambaya: Ni dai rabona da jiran shiri a gaban talabijin har na manta. A waya nake kallon abin da nake so, a lokacin da nake so. Shin duk wannan magana ta jadawali ba ta zama tarihi ba? Daga wata matashiya.

Amsa: Wani ɓangare nata ya zama tarihi, 'yar'uwa, kuma masu ƙirga sun yarda da hakan tun tuni. Da na'urorin naɗar shiri suka yawaita a gidaje, sai ya zama dole a ƙirga wanda ya kalla daga baya, kuma a 2007 tashoshin Amurka da masu talla suka amince a riƙa ciniki da adadin waɗanda suka ga tallan a lokacin da aka watsa shi da kuma cikin kwana uku bayan haka. Wannan ya sassauta wa shirye-shiryen da aka ba sa'a marar kyau, domin masoyansu na iya naɗa su kalla washegari a ƙirga da su. A ranar 1 ga Fabrairu 2013 manhajar Netflix ta saki fitowa 13 na House of Cards a lokaci guda, babu rana babu sa'a. A watan Yuni 2025 kuma Nielsen ta bayyana cewa a watan Mayun shekarar, a karon farko, kallo ta intanet, da kashi 44.8 cikin ɗari, ya zarce na eriya da na kebul a haɗe a talabijin ɗin Amurkawa.

Sai dai ki duba abin da manhajojin da kansu suke yi. Idan fitowa ta ƙare, ta gaba tana farawa da kanta cikin 'yan daƙiƙu, wanda shi ne dabarar nan ta gadon masu kallo da na bayyana wa ɗalibin da ya rigaye ki. Hoton da aka ɗora a saman shafin farko kuwa shi ne ya maye gurbin ƙarfe takwas na dare, kuma shirin da aka tura can ƙasa, inda sai an yi ta jan allo kafin a gan shi, halinsa ɗaya da wanda aka kai sha ɗaya. Manhajoji da dama ma sun koma sakin fitowa ɗaya a mako, kamar yadda Disney+ ta yi da The Mandalorian tun Nuwamba 2019, domin shirin da aka saki gaba ɗaya ana gama maganarsa cikin 'yan kwanaki, wanda ake jira mako-mako kuwa yana riƙe hira da kuɗin rajista na watanni.

Abin da ake watsawa kai tsaye shi ne inda sa'a ke da cikakken ikonta har gobe, domin babu mai son kallon wasan da ya riga ya ji sakamakonsa. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008 da safe aka yi wasannin ƙarshe na ninkaya, saɓanin yadda aka saba, saboda safiyar Sin ita ce daren Amurka, NBC kuma ta biya kuɗi mai yawa. A Brazil an daɗe ana jinkirta manyan wasannin ƙwallo na daren Laraba har sai wasan kwaikwayon tashar Globo ya ƙare. A Ingila kuma tun shekarun 1960 ba a nuna wasan ƙwallo kai tsaye da yammacin Asabar daga ƙarfe uku saura kwata zuwa biyar da kwata, don kada talabijin ya hana mutane zuwa filaye. Har kamfanin rarraba wutar lantarki na Birtaniya yana bin jadawalin talabijin, domin idan babban shiri ya ƙare miliyoyin mutane na tashi su kunna kayan wuta a minti guda. Bayan wasan Ingila da Jamus ta Yamma a gasar cin kofin duniya, ranar 4 ga Yuli 1990, buƙatar wuta ta ƙaru da megawat 2,800. Wani wata na shekara ma yana iya zama jadawali. A Masar da sauran ƙasashen Larabawa manyan wasannin kwaikwayo na shekara a watan Ramadan ake sakinsu, galibi fitowa 30, ɗaya kowane dare bayan buɗa-baki, kuma manhajojin intanet na yankin sun bi wannan tsari maimakon su rushe shi.

Tambaya: Ina shirya wani shirin tattaunawa a kan lafiyar iyali, kuma wata tasha ta ba ni zaɓi biyu: ko in shiga sa'ar ganiya gaba da gaba da wani fitaccen wasa na wata tashar, ko in karɓi la'asar inda babu hamayya. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai shirya shirye-shirye.

Amsa: Allah ya taimaka, Malam. Kafin ka zaɓa, ka zauna ka rubuta wanda kake yi wa shirin, shekarunsa da aikinsa da inda yake a kowace sa'a ta yini. Idan iyaye mata masu renon ƙananan yara da tsofaffi ne kan gaba a cikin mutanenka, la'asar na iya ba ka su a natse, kuma ba za ka raba su da kowa ba. Idan kana son miji da mata su zauna tare, dare ne kawai zai haɗa maka su, amma sai ka bincika ko fitaccen wasan nan mutanenka yake ɗauka ko wasu daban. Idan su ne, ni ba zan ba sabon shiri shawarar ya shiga wannan karo ba, domin shirin tattaunawa a hankali yake tara jama'a, tashar kuma ba lalle ta yi haƙurin jira ba.

Ka nemi tashar ta nuna maka alƙaluman gurbin na watannin baya, da na shirin da zai gabace ka, domin da su za a auna ka, kuma da su za ka kare kanka ranar da aka ce adadinka ya yi ƙasa. Ka nemi a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a motsa shirin daga sa'arsa ba har zangon farko ya ƙare, idan kuma dole ta sa a motsa shi, a sanar da masu kallo makonni kafin ranar, a cikin shirin da kuma tsakanin sauran shirye-shiryen tashar. Idan da hali, ka roƙi a ba ka maimaici a wata sa'a daban cikin mako, a kuma haɗa adadin biyun wajen lissafi, ka kuma tabbatar yarjejeniyar ta ba ka damar ɗora kowace fitowa a intanet bayan an watsa ta.